Sabon Had Dis Na Waje Ya Ƙi Karɓar Fomatin: Matakan Da Za Ka Bi

Tambayar nan tana ta zuwa mini da siga iri-iri. Wani ya ce ya sayo sabon had dis na waje, ya jona, kwamfuta ta yi 'yar ƙarar nan da take yi idan an saka mata abu, amma ya duba "This PC" bai gan shi ba. Wani ya gan shi, ya danna fomatin, sai Windows ta ce masa "Windows was unable to complete the format". Wani kuma nasa ya fara lafiya, ya kai wani wuri ya tsaya cak, har gari ya waye bai motsa ba.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan aiki shi ne bin jeri. A fara daga waje, wato kebul da wuta, a shiga cikin Windows, sannan a ƙarshe a yi wa had dis ɗin kansa hukunci. Wanda ya fara daga ƙarshe yakan ɓata yini yana rubuta umarni, alhali kebul ne bai zauna daidai ba.

Abin da za ka tanada

Kebul ɗin da had dis ya zo da shi, da wani na daban irinsa idan akwai. Kwamfuta ta biyu, ko ta aro ce. Izinin mai gudanarwa, wato "administrator", a kan kwamfutar da za ka yi aikin. Kwali da rasit. Manhajojin da zan ambata duk kyauta ne, wasunsu ma suna cikin Windows tun asali. Kuɗin da za ka iya kashewa bai wuce na sabon kebul ba, ko na mahaɗar USB mai wutar kanta. Idan ka ga wani shafi yana cewa sai ka biya kafin manhajarsa ta "gyara" maka had dis, wuce abinka. Babu abin da za ta yi wanda matakan nan ba su yi ba.

1. Tabbatar yana bukatar fomatin ɗin

Yawancin had dis na waje suna fitowa daga kamfani da fomatin a kansu, wato an riga an sa musu tsarin ajiye fayiloli, ko exFAT ko NTFS. Idan ka jona ya buɗe, ka kwafa fayil ya shiga, ka cire ka mayar ka same shi, to ba dole ba ne ka taɓa komai. Fomatin yana zama dole ne idan tsarin da ya zo da shi bai dace da na'urarka ba, ko kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba.

Kada girman da ka gani ya tayar maka da hankali. Wanda aka rubuta 1TB a kwalinsa zai fito a Windows a matsayin kusan 931GB, mai 2TB ya fito 1.81TB, mai 4TB ya fito 3.63TB. Bambancin lissafi ne: kamfanoni suna ƙirga da 1,000, Windows tana ƙirga da 1,024. Ba a sace maka komai ba.

Gargaɗi: idan ka riga ka zuba wani abu a ciki, ko da hoto ɗaya ne, kwashe shi yanzu. Daga mataki na 3 zuwa gaba akwai abubuwan da ke share komai.

2. Kebul, kafa da wuta

A nan nake so ka fi daɗewa, domin a nan matsalar ta fi yawan ɓoyewa.

Had dis na waje mai faifai a ciki iri biyu ne. Ƙaramin, mai inci 2.5, wanda ke shiga aljihu, daga kafar USB yake shan wutarsa gaba ɗaya. Babban, mai inci 3.5, yana zuwa da adaftarsa ta 12V da ake jonawa a soket. Idan ba ka jona adaftar ba, ko ka ɗauko wata da ƙarfinta bai kai ba don kawai bakinta ya shiga, faifan ba zai juya yadda ya kamata ba ko da fitila ta kama.

Shi ƙaramin, ga inda gizo ke saƙar. Kafar USB 2.0 tana bayar da 500mA ne a ƙa'ida, ta USB 3.0 kuma 900mA. Lokacin da injin faifan zai tashi daga tsaye shi ne ya fi jan wuta, kuma 500mA sau da yawa ba ya isarsa. Sai ka ga fitila tana ci, Windows ma ta hango shi, amma da an fara rubutu mai nauyi sai ya yanke. Alamomin ƙarancin wuta su ne ƙara ƙas-ƙas ko 'yar ƙara siririya mai maimaituwa, bayyana da ɓacewa, da fomatin da ke mutuwa a wuri daban-daban kowane gwaji.

Yi waɗannan a jere:

Cire duk abin da ke jone a sauran kafofin USB, in ban da maus da allon rubutu. Idan laftof ce, jona ta a caji. Kada ka bi ta mahaɗar USB mai baki da yawa, sai in tana da adaftar wutarta. Idan kwamfutar tebur ce, bar kafofin gaba, zagaya baya, domin na baya suna manne da babban allon kwamfutar kai tsaye, na gaba kuwa ta wata siririyar waya suke bi. Nemi kafar da cikinta shuɗi ne ko mai alamar SS a gefe, ita ce 3.0.

Sannan duba bakin kebul ta wajen had dis. Da yawansu suna amfani da wani faffaɗan baki mai kamar gida biyu a haɗe, kuma yana iya shiga rabi ya tsaya kamar ya zauna. Tura shi har ya ƙure. Idan USB-C ne, ka sani akwai kebul ɗin da caji kawai aka yi shi dominsa, wani ba ya ɗaukar bayanai sam, wani yana ɗauka a hankali ƙwarai. Kebul gajere mai kauri ya fi dogo siriri.

Ɗora tafin hannunka a kan had dis ɗin. Lafiyayye za ka ji yana ɗan rawa a hankali, bai ɗaya, ba tsayawa. In SSD ne, wato irin da ba shi da faifai a ciki, ba za ka ji komai ba, domin babu abin da ke juyawa a cikinsa.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: hana Windows yanke wa kafar wuta don tanadi. Shiga "Control Panel", sai "Power Options", sai "Change plan settings", sai "Change advanced power settings". A ƙarƙashin "USB settings" mayar da "USB selective suspend setting" zuwa "Disabled". Ka kuma hana kwamfutar yin barci har aikin ya ƙare.

Gargaɗi: kada ka ɗaga had dis ko ka juya shi yana cikin aiki. Faifan ƙananan yakan yi juyi 5,400 a minti ɗaya, allurar karatu tana shawagi a kansa da tazarar da ido ba ya gani. Ajiye shi a kan tebur, ba a kan cinya ba, ba kuma yana lilo a jikin kebul ba.

3. Karanta abin da "Disk Management" ke faɗa

Bar "This PC", ba ya nuna gaskiyar lamarin. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi "Disk Management". Ko Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Dubi rabin tagar na ƙasa, inda aka jera Disk 0, Disk 1 da sauransu.

Da farko gane wanne ne naka. Hanya mafi sauƙi: cire shi, ka ga layin da ya ɓace, mayar da shi, ka ga layin da ya dawo. Rubuta lambarsa da girmansa a takarda. Za ka bukace su a mataki na 6.

Sabon had dis da ba a taɓa ba kamar fili ne da ba a yanka fuloti ba. Sai an yi masa taswira, an fitar da yanki, kafin a gina komai. Taswirar ita ce GPT ko MBR, yankin shi ne fatishan, fomatin kuma shi ke zuwa a ƙarshe. Mutane da yawa suna neman yin na uku alhali ba a yi na ɗaya da na biyu ba. Ga ma'anar abin da za ka iya gani:

"Not Initialized". Ba shi da taswira. Danna dama a kan akwatin hagu inda aka rubuta lambar had dis ɗin, zaɓi "Initialize Disk", ka ɗauki GPT. MBR ba ya wuce 2TB. Idan ka sa wa mai 4TB shi, za ka ga an raba maka shi biyu, kashi na biyu ya ƙi taɓuwa. MBR yana da amfani ne kawai idan had dis ɗin bai wuce 2TB ba kuma za ka jona shi a tsohuwar talabijin ko tsohuwar na'urar da ba ta san GPT ba.

"Unallocated", da baƙin layi a sama. Taswira akwai, fatishan babu. Danna dama a kan wurin, zaɓi "New Simple Volume", ka bi tambayoyin har ƙarshe. A nan ne za a ba shi harafi a yi masa fomatin.

Layi shuɗi, an rubuta "Healthy", amma babu harafi irin E: ko F:. Danna dama, "Change Drive Letter and Paths", sai "Add". Idan zaɓin ya yi fari ya ƙi dannuwa, akwai yiwuwar an yi masa fomatin na Mac ko Linux ne, wanda Windows ba ta karantawa. Idan kuma ka ga wani ɗan yanki mai 200MB da aka rubuta EFI a farkonsa, to Mac ce ta tsara shi. Wannan ɗan yankin ba ya gogewa daga nan, sai a mataki na 6.

"RAW". Akwai fatishan amma Windows ba ta gane tsarin da ke kansa ba, sau da yawa saboda fomatin da ya mutu a hanya. Kada ka ɓata lokaci da chkdsk, umarnin Windows na duba kurakuran faifai, zai ce maka ba ya aiki a kan RAW. Danna dama, "Delete Volume", sannan ka ƙirƙiri sabo.

"Offline". Danna dama a akwatin hagu, ka zaɓi "Online".

"No Media", ko girmansa ya nuna sifili. Wannan ba alama ce mai kyau ba. Kwamfuta tana ganin ɗan allon USB da ke cikin kwanson, amma ba ta ganin faifan da ke bayansa. Koma mataki na 2 da wani kebul da wata kwamfuta. In bai canja ba, tsallaka zuwa mataki na 10.

Idan bai fito ba sam, buɗe "Device Manager" ta Windows da X. Duba ƙarƙashin "Disk drives" da "Universal Serial Bus controllers". In ka ga abu mai alamar ruwan ɗorawa, ko "Unknown USB Device", danna dama, "Uninstall device", cire had dis ɗin, kashe kwamfutar ka kunna, sannan ka mayar. Windows za ta sake ɗora direbarsa, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane shi, da kanta. Had dis na waje ba ya bukatar wata direba ta musamman, saboda haka kada ka sauke manhajar "sabunta direbobi" daga inda ba ka sani ba.

4. Zaɓi tsarin fayil da ya dace

Idan a Windows kawai za ka yi amfani da shi, ɗauki NTFS. Ya fi jure ɗaukewar wuta da cirewar gaggawa. Mac tana karanta shi, amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Idan zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac, ɗauki exFAT, ka kuma lazimci danna "Eject" kafin ka zare shi, domin ya fi saurin rikicewa. APFS na Mac ne zalla.

FAT32 shi ne ke jawo tambayoyi. Ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB, kuma tagar fomatin ta Windows da aka saba da ita ba ta ba da shi ga fatishan da ya wuce 32GB. Don haka rashin ganinsa a jerin zaɓi ba lalacewa ba ce. Idan wata na'ura ce ta nace sai shi, duba ko ita kanta tana da wurin yin fomatin a cikin saitinta. Talabijin da na'urorin wasa da yawa suna da shi.

Girman "Allocation unit size" kuwa, bar shi a "Default".

5. Saki abin da ya riƙe shi

Wani lokaci had dis lafiyarsa ƙalau, wata manhaja ce ta riƙe shi. Rufe duk tagar da ke nuna abin da ke cikinsa. Rufe manhajar ajiyar kwafi, har da wadda ta zo a cikin had dis ɗin idan ka ɗora ta. Dakatar da manhajar kariya daga bairos na ɗan lokaci, ka tuna ka kunna ta da ka gama. In duk da haka Windows tana cewa ana amfani da shi, tayar da kwamfutar a "Safe Mode", wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ka gwada daga can.

Saƙon "The disk is write protected" ko "The media is write protected" yana nufin an hana rubutu. Tambaya ta farko: kwamfutar wa ce? Idan ta wurin aiki ce ko ta makaranta, masu kula da ita sukan kulle rubutu a kan duk abin da aka jona ta USB. Wannan ba naka ba ne ka karya, je ka gwada a taka. Wasu had dis kuma suna da makulli na kalmar sirri, sukan fito kamar ƙaramin faifan CD ɗauke da manhajar buɗewa. Sabo fil bai kamata ya nemi kalmar sirri ba. Idan ya nema, wani ya riga ka amfani da shi.

Idan kwamfutarka ce, akwai wuri ɗaya da ya cancanci dubawa a rijistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta. Windows da R, rubuta regedit, ka bi wannan hanya:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\StorageDevicePolicies

In ka samu WriteProtect da lamba 1, mayar da ita 0, ka kashe ka kunna. In babu StorageDevicePolicies ɗin ma gaba ɗaya, to ba daga nan ba ne, fita kawai.

Gargaɗi: kada ka taɓa wani abu daban a cikin rijista. Kuskure a can yana iya hana Windows tashi.

6. Share shi tas da diskpart

Wannan shi ne makami mafi ƙarfi da Windows ke da shi a kan wannan matsala, kuma shi ne mafi haɗari. Yana share taswirar had dis gaba ɗaya ya fara daga sifili, har da ɗan yankin EFI da ya ƙi gogewa ɗazu.

Kafin ka fara, zare duk wani had dis na waje, filasha da katin memori, ka bar sabon shi kaɗai. Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, danna dama ka zaɓi "Run as administrator". Rubuta kowane layi, ka danna Enter, ka jira amsa kafin na gaba.

diskpart

list disk

Za ka ga jeri da lambobi da girma. Nemo naka da girmansa. A misalin nan zan ce lamba 2 ne, kai ka sa lambar da ka gani a taka kwamfutar.

select disk 2

detail disk

Tsaya a nan ka karanta. Sunan kamfanin da ya fito shi ne na sabon had dis ɗinka? A layin "Type" an rubuta USB? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, kada ka ci gaba.

Gargaɗi: umarnin clean ba ya tambayar "ka tabbata?". Kana danna Enter ya gama. Kuma lambar had dis tana iya canjawa idan an cire an mayar, don haka kada ka dogara da lambar jiya, ko ta awa ɗaya da ta wuce. Duk lokacin da ka zare kebul, sake list disk daga farko. Diskpart yakan ƙi share wanda Windows ke zaune a kai, amma had dis na biyu da ke cikin kwamfutar, inda mutane suka fi tara hotuna da takardu, zai share shi ba tare da ko kallonka ba.

In ka tabbatar, ci gaba:

attributes disk clear readonly

clean

convert gpt

create partition primary

format fs=ntfs quick

assign

exit

Mai son exFAT sai ya rubuta fs=exfat a madadin fs=ntfs. Idan convert gpt ya yi ƙorafi alhali clean ya wuce lafiya, yi list disk ka duba: tauraro a ƙarƙashin Gpt yana nufin ya riga ya zama GPT, wuce zuwa layi na gaba.

Inda ya tsaya da abin da ya ce su ne za su gaya maka sauran labarin. "Access is denied" a kan clean yawanci riƙo ne: tabbatar ka buɗe a matsayin mai gudanarwa, zare ka mayar, sake list disk da select disk, ka gwada. "I/O device error" yana nufin magana ta yanke tsakanin kwamfuta da faifan, ko dai kebul da wuta, ko faifan kansa. Saƙon "Data error" mai ɗauke da "cyclic redundancy check" yana nufin an karanta wani wuri ya dawo a gurɓace. Waɗannan biyun na ƙarshe, idan sun biyo ka zuwa wata kwamfuta da wani kebul, ba maganar saiti ba ce kuma. Haka nan idan attributes disk ya ci gaba da nuna "Current Read-only State : Yes" bayan ka cire hanin. SSD kan kulle kansa haka idan ya ji lalacewa a ciki, kuma babu umarnin da ke buɗe shi.

Idan fomatin mai sauri ya wuce, shawarata ka sake yin cikakke sau ɗaya kafin ka amince da shi, wato ka cire kalmar quick, ko ka cire alamar da ke kan "Quick Format". Mai sauri rubuta teburin fayiloli kawai yake yi, ba ya leƙa sauran faifan. Cikakke kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin kowane gurbi yana rubuta sifili, kuma da haka yake tono wuraren da suka lalace. Yana cin lokaci. A gudun 100MB a daƙiƙa, 1TB zai ɗauki kusan awa 3. Ta kafar USB 2.0, inda gudun ke wajen 30MB, lissafa awa 9. Mai 4TB kuwa ka ninka sau 4. Lambar kashi cikin ɗari tana iya daɗewa a wuri ɗaya, musamman a manyan faifai inda kashi 1 kaɗai gigabait masu yawa ne. Muddin fitila tana ƙiftawa, kuma "Task Manager" yana nuna ana rubutu, bar shi. Wanda ya maƙale na gaske shi ne wanda gudun rubutunsa ya koma sifili ya zauna a haka. Wannan dogon fomatin na mai faifai ne, SSD bai bukace shi ba.

7. Idan Mac ce a hannunka

Buɗe "Disk Utility", shiga "View", zaɓi "Show All Devices". Wannan shi ne abin da mafi yawa ke tsallakewa. Ba tare da shi ba, fatishan kawai kake gani. Zaɓi layin sama mai sunan kamfanin, danna "Erase", a "Scheme" ɗauki "GUID Partition Map", a "Format" ɗauki ExFAT ko APFS. In ExFAT ne, kada sunan da za ka ba shi ya wuce harafi 11.

Idan ta ce ta kasa sakin faifan, buɗe "Terminal":

diskutil list

diskutil unmountDisk force /dev/disk4

diskutil eraseDisk ExFAT AJIYA GPT /dev/disk4

Lamba 4 misali ce. Nemi wanda aka rubuta external a gefensa, mai girman naka. Gargaɗin diskpart yana nan daram a nan ma.

Mai Linux kuma yana da manhajar GParted don yin fatishan da fomatin, sannan umarnin dmesg zai nuna masa ƙarara idan had dis yana yankewa yana dawowa.

8. Tambayi had dis lafiyarsa

Kowane had dis yana riƙe da rahoton lafiyarsa da ake kira SMART. Sauke CrystalDiskInfo daga shafin masu ita, buɗe, ka zaɓi naka. Za ta nuna "Good", "Caution" ko "Bad". Kada ka tsaya a kan wannan kalma, duba layuka huɗu. Layi mai lamba 05 yana ƙirga guraben da suka lalace aka musanya su. C5 guraben da ake zargi ne. C6 waɗanda aka kasa gyarawa. A sabon had dis, ainihin ƙidayar da ke ginshiƙin "Raw Values" ta ukun nan sifili ya kamata ta zama. Na huɗu shi ne "Power On Hours", awannin da ya yi a kunne tun da aka ƙera shi. In ka ga ɗaruruwa ko dubbai a abin da ka buɗe jiya, tsoho aka sa maka a sabon kwanso.

Seagate tana da SeaTools, Western Digital ma tana da tata manhajar gwaji a shafinta. Yi gajeren gwaji, in ya wuce yi dogon. Faɗuwa a gwajin kamfanin da ya ƙera shi hujja ce da mai sayarwa zai sha wahalar musantawa.

Wasu kwansunan USB ba sa barin rahoton SMART ya fito, rashin ganinsa kaɗai ba laifi ba ne. Haka kuma "Good" ba rantsuwa ba ce. In cikakken fomatin yana mutuwa a wuri ɗaya kullum, yarda da fomatin ɗin.

9. Gwada ko jabu ne

Akwai had dis, musamman masu iƙirarin SSD ne mai girman gaske a farashin banza, da in an fasa su ƙaramin katin memori ko filasha ake samu a ciki, an shirya shi ya yi ƙaryar girmansa. Windows abin da aka gaya mata take nunawa, ba ta aunawa. Irin wannan yakan wuce fomatin mai sauri, ya faɗi a cikakke. Ko kuma ya karɓi fayiloli kamar gaske, ranar da za ka buɗe su ka tarar babu komai.

H2testw ita ce manhajar da aka daɗe ana gwada wannan da ita a Windows. Tana cika wurin da fayilolin gwaji, ta dawo ta karanta su, ta faɗi nawa ne ya dawo daidai. Sai had dis ɗin yana da harafi take aiki, kuma a babban faifai tana iya kwana tana yi. ValiDrive tana tsinkayen wurare daban-daban ne, don haka ta fi sauri. A Mac da Linux akwai F3. Ka kuma shigar da lambar siriyal da ke jikinsa a shafin duba garanti na kamfanin. In shafin bai san lambar ba, ko ya nuna wani samfuri daban, ko garantin ya ƙare tuntuni, ka sami amsarka.

10. Lokacin mayar da shi

Idan ka canja kebul, ka canja kafa, ka canja kwamfuta, diskpart ya kasa, ko SMART ya nuna lalacewa, ko yana ƙas-ƙas duk da wuta ta ishe shi, daina wahala. Ko da wata dabara ta sa ya karɓi fomatin a gwaji na goma, faifan da ya fara da ciwo tun ranar farko ba wurin ajiye abu mai daraja ba ne. Akwai masu yanke wurin da ya lalace su yi fatishan a sauran. A tsohon had dis da ba shi da garanti ana iya fahimtar haka. A sabo, asara ce kawai kake jinkirtawa.

Gargaɗi: kada ka ɓalle kwanson don ka ga abin da ke ciki ko ka jona faifan kai tsaye. Hakan yakan soke garanti, kuma a wasu ƙananan ma bakin USB ɗin a jikin allon faifan yake, babu abin da za ka jona. Kada ka buga shi, kada ka sa shi a firji, kada ka ɓare takardar siriyal.

Ɗauki hoton saƙon kuskuren, da na CrystalDiskInfo ko H2testw, da na lambar siriyal. Fara da wanda ya sayar maka, domin wa'adin canji a wurinsu yakan yi gajarta, kwanaki ne ba watanni ba. In ya wuce, sai garantin kamfani, wanda a had dis na waje yawanci shekara 1 zuwa 3 ne gwargwadon samfuri. Kamfani canja maka zai yi, sau da yawa ba ya dawo da bayanan da ke ciki, kuma faifan da ka aika ba zai dawo hannunka ba. Saboda haka idan ka taɓa zuba takardun sirri a ciki kuma yana karɓar rubutu ko kaɗan, gwada clean all a diskpart kafin ka rabu da shi, bayan ka tabbatar da lambarsa kamar yadda aka yi a mataki na 6. Shi wannan yana bin faifan gaba ɗaya da sifili, kuma yana ɗaukar lokaci daidai da cikakken fomatin. Haɗa kebul da adafta a cikin kwalin, domin wasu masu sayarwa ba sa karɓa idan kayan ba su cika ba.